Yadda ake haɗa salad ɗin taliya mai sanyi don taron lokacin zafi

Idan zafi ya tsananta, ba kowa ke marmarin abinci mai tururi ba. A wurin taro za ki ga kwanon da ke da sanyi shi ne ke fara ƙarewa. Shi ya sa duk lokacin da zan ciyar da mutane da yawa a irin wannan yanayi, salad ɗin taliya mai kirim ba ya fita daga lissafina. Ana gama shi tun kafin baƙi su iso, ba ya neman ɗumame, kuma yana tafiya da gasasshen nama, kaza ko kifi.

Sai dai sauƙinsa yana ruɗin mai koyo. Ranar da na fara yin sa don taro, na haɗa komai da daddare na sa a firji. Da safe na buɗe robar, sai na tarar taliyar ta shanye kirim ɗin tas, ta bushe ta manne da juna, can ƙasa kuma ga ruwan kokwamba ya kwanta fari-fari. Daga ranar na gane abu biyu da duk aikin ya rataya a kansu. Taliya ba ta daina shan ruwa don an sauke ta daga wuta, kayan lambu kuma ba sa daina sakin ruwa don an yanka su. Idan kin iya da waɗannan biyun, kuma kin riƙe salad ɗin da sanyi har ya shiga bakin mutane, kin gama.

Kayan aiki

- Babbar tukunya mai ɗaukar lita 6 ko fiye
- Matsami, wato kwando mai ƙananan ƙofofi na tsane ruwa
- Babban tire mai faɗi
- Babbar roba mai murfi, wadda za ki iya juya komai a ciki ba tare da ya zube ba
- Ƙaramin kwano da maburgi, ko cokali mai yatsu
- Wuƙa mai kaifi, katakon yanka da magogi
- Tsumma mai tsabta da ba a amfani da shi a wani aiki
- Kula da ƙanƙara, idan za a ci a waje ko za a yi tafiya da shi

Kayan haɗi

Wannan awon zai ishi mutum 8 zuwa 10 idan akwai wani abinci a gefe. Kofin da nake nufi shi ne mai ɗaukar mililita 250.

- Gajeriyar taliya giram 500
- Gishiri babban cokali 2 na ruwan dafuwa, da wani kaɗan na haɗi
- Mayonis kofi 1
- Yogot mai kauri mara sukari, kashi uku cikin huɗu na kofi
- Khal ko ruwan lemon tsami babban cokali 3
- Mastad (mustard, kwaɓaɓɓen kayan ɗanɗano mai ɗan yaji da tsami) babban cokali 1
- Sukari ƙaramin cokali 1
- Masoro niƙaƙƙe rabin ƙaramin cokali
- Tafarnuwa ƙwaya 1
- Madara ta ruwa babban cokali 4
- Karas 2, kokwamba 1, koren tattasai 1, jan tattasai mara yaji 1
- Jar albasa ƙarama 1, da lawashi kaɗan
- Koren wake mai ƙwaya-ƙwaya (green peas) kofi 1
- Masarar gwangwani 1
- Ƙwai 4

Kalma ɗaya a kan taliyar. Ki zaɓi gajeriya mai lungu ko rami, kamar makaroni mai lanƙwasa, ko mai murɗiya da ake rubuta wa fusilli a jikin leda, ko mai kama da katantanwa. Lungunan nan su ne ke riƙe kirim, har koren wake kan shige cikinsu. Doguwar taliya ba ta dace ba, tana curewa idan ta yi sanyi kuma tana ba mai ɗiba wahala. Idan ita kaɗai gare ki, ki kakkarya ta gajeru kamar tsawon gaɓar yatsa kafin ki dafa.

1. Fara da haɗin kirim

Mutane da yawa suna barin wannan sai ƙarshe. Ni da shi nake farawa, don tafarnuwa da mastad suna bukatar lokaci kafin su saki jiki a cikin mayonis.

Ki goge tafarnuwa ta yi laushi sosai. Ki zuba mayonis, yogot, mastad, sukari, masoro, tafarnuwar, rabin ƙaramin cokali na gishiri da babban cokali 2 na khal a kwano. Cokali ɗaya da ya rage na khal ki ajiye shi, yana da aiki a gaba. Ki buga har ya zama sumul, sannan ki ƙara madara cokali-cokali. Kaurin da ake so shi ne idan kin ɗaga cokali ya zubo a hankali, ya bar farin shafi a bayan cokalin. Idan ya tsaya cak bai zubo ba, ya yi kauri, kuma taliya za ta ƙara busar da shi.

Ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji gishiri da tsami sun ɗan fi yadda kike so. Kada wannan ya tsorata ki. Rabin kilo na taliya zai raba ɗanɗanon, sannan sanyi kansa yana dakushe ɗanɗano a harshe, shi ya sa abincin da ya yi daidai da zafinsa yake yin salam idan ya fito daga firji.

Yanzu ki raba haɗin: kashi biyu cikin uku a kwano ɗaya, kashi ɗaya a wani ƙaramin mazubi mai murfi. Duka su shiga firji. Wannan ƙaramin kason shi zai ceci salad ɗin daga bushewa, don haka kada ki taɓa shi sai an zo ci.

Idan babu yogot, ki ƙara mayonis rabin kofi, ki sassauta shi da madara da ƙarin lemon tsami kaɗan. Idan babu mastad, ki bar shi kawai. Yogot mai sukari ko mai ƙamshin 'ya'yan itace kuwa kada ki kusance shi, zai mayar da salad ɗin kamar kayan zaƙi.

Shawarata ga abincin taro ita ce ki yi amfani da mayonis na kwalba. Na kamfani ana yin sa da ƙwan da aka riga aka kashe wa ƙwayoyin cuta da zafi, kuma yana da isasshen tsami. Na gida da ɗanyen ƙwai ake yi, kuma ɗanyen ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayar salmonela. A taro ba ki san wa zai ci ba, akwai yara, akwai masu juna biyu, akwai tsofaffi.

2. Dafa ƙwai

Ki sa ƙwai a ruwan da ya riga ya tafasa, ki ba shi minti 10 zuwa 12, ki tsame zuwa ruwan sanyi. Idan ya huce ki ɓare, ki ajiye a firji ba tare da kin yanka ba.

3. Gyaran kayan lambu

Ki wanke hannu da sabulu, ki wanke kayan lambun da ruwa mai tsabta tun kafin wuƙa ta taɓa su, tunda yawancinsu ɗanye za a ci. Idan kin yanka ɗanyen nama a katakon, ki wanke shi da sabulu da ruwan zafi, ko ki ɗauko wani.

Ƙa'idar yanka ɗaya ce: komai ya zama daidai girman taliyar ko ƙasa da ita, yadda cokali ɗaya zai kwaso kowane abu.

Kokwamba ita ce mai rigima. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, kuma da zarar gishirin haɗin ya taɓa ta za ta fara zubar da shi. Ki tsaga ta biyu a tsaye, ki sa ƙaramin cokali ki kankare tsakiyar mai 'ya'ya ki zubar. Ki yanka sauran ƙanana, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki bar ta a matsami minti 15 zuwa 20. Ki ɗora matsamin a kan faranti ki gani da idonki, ruwan da zai taru a ƙasa zai kai cokali biyu ko uku, kuma da duk a cikin salad ɗinki zai ƙare. Bayan nan ki ɗauraye ta sama-sama, ki shanya a tsumma ki danna a hankali har ta tsane.

Albasa ki yanka ta ƙanana sosai, ki jiƙa a ruwan sanyi minti 10, ki tsane. Wannan yana cire zafinta da warin da kan mamaye salad idan ya kwana.

Karas ki yanka ƙanana ko ki goga da ɓangaren magogi mai manyan ƙofofi. Idan ba ki son shi da tauri, ki jefa shi a tafasasshen ruwa minti 2, ki tsame zuwa ruwan sanyi. Koren wake shi ma haka: ɗanye yana son minti 3 zuwa 5, wanda ya daskare a firiza minti 1 zuwa 2 ya ishe shi. Tsoma shi a ruwan sanyi nan take shi ke riƙe masa korensa. Masarar gwangwani ki tsiyaye ruwanta, ki ɗauraye, ki bar ta ta tsane sosai. Tattasai ki cire 'ya'yan da farin jijiyar ciki kafin ki yanka.

Ba dole sai kin haɗa duka ba. Abin da ake nema shi ne wani abu mai ƙaras-ƙaras a baki, wani mai ɗan zaƙi, da launi. Karas da albasa da koren tattasai kaɗai sun isa su fitar da ke. Tumatir kuwa ban cika sa shi ba, don ya fi kokwamba sakin ruwa kuma yana rina kirim ɗin. Idan kina son sa, ki cire 'ya'yan, ki jera shi a sama lokacin da za a ci.

4. Dafa taliya

A nan aka fi yin kuskure, don haka ki ba ni hankalinki.

Ki tafasa ruwa lita 4 zuwa 5, ki zuba gishiri babban cokali 2. Zai yi miki kamar ya yi yawa, amma mafi yawansa zai tafi da ruwan. Wannan ce babbar damar da gishiri ke da ita ta shiga cikin taliyar. Idan kin dafa ta lami, duk daɗin haɗinki zai tsaya a bayanta ne, cikinta ya zama ba ɗanɗano.

Sai ruwan yana tafasa sosai za ki zuba taliya. Ki juya a minti na farko da na biyu, don a lokacin ne take mannewa da juna da gindin tukunya. Kada ki zuba mai a ruwan. Yana yawo ne a sama, sai wajen tsanewa ya shafe taliyar, kirim ya kasa kama ta.

Ki duba mintunan da aka rubuta a ledar, ki ƙara minti 1 zuwa 2 a kai. Dalili shi ne sitacin taliya yana ƙara tauri idan ya yi sanyi. Wadda ta yi daidai da zafinta za ta koma kamar ba ta dahu ba bayan awa biyu a firji. Ki ɗauko ɗaya, ki tsoma a ruwan sanyi, ki ciza. Idan kin ga farin ɗigo a tsakiya, da saura. Idan ta yi laushi har ciki amma siffarta na nan ba ta fashe ba, sauke. Kada ki bar wurin a waɗannan mintuna na ƙarshe, don tsakanin dahuwa da caɓewa ba nisa, kuma taliyar da ta caɓe ba ta da gyara.

5. Sanyaya da tsanewa

Ki juye a matsami, ki sakar mata ruwan sanyi mai tsabta kina juyawa da hannu har ki daina jin ɗumi. Ruwan yana tsayar da dahuwa, yana kuma wanke sitacin da ke sa ta danƙo. Ruwan da za ki iya sha shi za ki yi amfani da shi, tunda ba za ta sake ganin wuta ba.

Ki girgiza matsamin da kyau. Makaroni yana ɓoye ruwa a cikin raminsa, sai kin girgiza sau da yawa yake fitowa. Daga nan ki baza taliyar a tire, ki yayyafa mata cokalin khal ɗin nan da kika ajiye, ki juya, ki bar ta minti 10 ta sha iska. Za ki ga ƙyallin ruwan ya ɓace daga jikinta. Alamar ta shirya ke nan.

Idan ruwa ya yi miki ƙaranci, ki tsane ta kawai, ki baza ta siriri a tire biyu, ki riƙa juyawa har ta huce, sannan ki shafe ta da cokali biyu na haɗin don kada ta manne.

Ko da wasa kada ki zuba mayonis a kan taliya mai zafi. Mayonis mai ne da aka ɗaure da gwaiduwar ƙwai. Zafi yana kwance wannan ɗaurin, man ya ware, salad ɗin ya yi maiƙo yana ƙyalli. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana, kuma a wannan matakin na sha ganin hakan.

6. Haɗawa

Ki zuba taliya a babbar roba, ki juye babban kason haɗin, ki juya har kowace ƙwaya ta samu. Sai ki kawo karas, koren wake, masara, tattasai da albasa. Ki riƙa ɗebowa daga ƙasa kina kifawa sama da faffaɗan cokali, a hankali, kada ki tuƙa.

Idan za a ci cikin 'yan awanni, kokwamba ta shiga yanzu. Idan kwana zai yi, ki ajiye ta daban a firji tare da ƙwai da lawashi.

Mai son ƙara nama zai iya sa dafaffiyar kaza da aka yayyaga, ko kifin tuna na gwangwani da aka tsane. Sharaɗin shi ne su huce sarai kafin su shiga. Kamar kofi 2 ya isa, kuma ki ƙara haɗin kirim da kamar kwata, don nama ma yana sha.

7. Hutawa a firji

Ki rufe ki sa a firji aƙalla awa 2. Idan kin ninka awon don babban taro, ki raba a robobi masu faɗi marasa zurfi. Abinci mai yawa a mazubi mai zurfi yana daɗewa tsakiyarsa bai yi sanyi ba, ko da bayan robar ya yi raɓa.

Idan babu firji, ko ba ki da tabbas da wutar lantarki, kada ki yi shi ya kwana. Ki sayi ƙanƙara, ki shimfiɗa a ƙasan kula, ki ɗora robar a rufe, ki kewaye ta da wata ƙanƙarar har samanta. Ki tsara aikin yadda za ki gama haɗawa awa 2 zuwa 3 kafin a ci. Idan ƙanƙarar ma babu, ki canza tsari: ki bar mayonis da yogot da ƙwai, ki yi haɗin man zaitun da lemon tsami, ki dafa taliyar daf da lokacin ci. Ko a haka ma ba a barin sa ya daɗe a waje.

8. Gyaran ƙarshe

Minti 15 kafin a fitar, ki buɗe robar. Za ki ga ya ɗan bushe, kirim ɗin ya shige jikin taliya. Haka ake so. Ki juye ƙaramin kason da kika ɓoye, ki sa kokwamba idan ba ki sa ba, ki juya. Nan take zai dawo da laushinsa da shekinsa.

Ki ɗanɗana da cokali mai tsabta, kuma kada cokalin da ya shiga baki ya koma ciki. Idan ya yi salam, gishiri kaɗan da matsin lemon tsami sukan tashe shi. Idan har yanzu a bushe yake, madara cokali 2 da yogot cokali 1. Idan tsami ya yi yawa, mayonis da ɗan sukari. Idan gishiri ya zarce, babu dabarar da ta wuce ki dafa wata taliyar kaɗan ba gishiri, ki sanyaya ki haɗa. Idan kuma ruwa ya kwanta a ƙasa, ki karkata robar ki kwashe shi da cokali, ki murje gwaiduwar dafaffen ƙwai biyu a cikin mayonis cokali biyu ki juya a ciki, zai kama jikinsa.

Ki yanka ƙwai gida huɗu-huɗu ki jera a sama, ki watsa lawashi. Ba na juya ƙwai a ciki, don yana farfashewa ya ɓata kyan salad ɗin.

9. A wurin taro

Wannan matakin shi ne na fi damuwa da shi, don a nan ne abinci mai kyau yake zama sanadin ciwo.

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selsiyos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a yanayin ɗaki. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ƙara da cewa idan zafin wurin ya haura digiri 32, awa 1 ne iyaka. A tsakiyar lokacin zafi, da awa ɗayan nan za ki yi lissafi.

Ana yawan ɗora laifin a kan mayonis, amma na kwalba tsaminsa yana hana ƙwayoyin cuta sakewa. Haɗarin ya fi zuwa daga taliyar kanta, da ƙwai da kaza. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ake samu a abinci mai sitaci irin shinkafa da taliya. Irinta ba ya mutuwa a tafasa, yana jiran abincin ya zauna a ɗumi ne ya farfaɗo, kuma gubar da yake saki tana kawo amai da gudawa. Abincin da ya kamu yana iya kasancewa da ƙamshinsa da kamanninsa, don haka shinshinawa ba ta isa gwaji ba. Agogo za ki duba.

Ga yadda nake yi. Ba na fitar da duka a lokaci ɗaya. Ina zuba kashi ɗaya cikin uku a kwano, in zaunar da kwanon a cikin wani babba mai cike da ƙanƙara da ruwa kaɗan, in ajiye a inuwa, nesa da wurin gashi. Sauran yana cikin kula a rufe. Idan na farko ya ƙare, in kawo sabo a wankakken kwano. Ba na juye sabo a kan ragowar tsohon, don tsohon ya riga ya cinye lokacinsa. Idan za a yi tafiya a mota, kular ta zauna a cikin motar inda mutane suke, bayan mota ya fi zafi. Ki sa cokalin ɗiba na musamman, ki rufe kwanon saboda ƙuda da ƙura. Yana da kyau kuma ki sanar da baƙi cewa akwai ƙwai, madara da alkama a ciki, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya wuce lokacinsa a kan tebur, a zubar. Na san da ciwo, amma ya fi a kwana a asibiti sauƙi. Wanda bai bar sanyi ba kuwa, ki mayar da shi firji a rufe, zai kai kwana 3 zuwa 4, kina sassauta shi da madara cokali ɗaya duk lokacin da za ki ɗiba. Kada ki sa shi a firiza, don idan ya narke mayonis ɗin yana tsinkewa, kokwamba da tattasai kuma su yi laƙwas.